Filibi: Ƙaramar Roma a Ƙasar Makidoniya

Kafin a soma darasi, a karanta Ayyukan Manzanni sura 16, daga aya 6 har ƙarshe, sa'an nan Filibiyawa sura 2, aya 1 zuwa 11, da sura 3, aya 4 zuwa 21.

Sa'ad da mu ke karanta wasiƙun Manzo Bulus, mu kan manta cewa ga mutanen wani gari sananne aka rubuta kowace, gari mai ganuwa da kasuwa da alƙalai da kurkuku. Filibi ɗaya ne daga cikin garuruwan nan. Yau kufai ne a arewa maso gabashin ƙasar Girka, kimanin kilomita 15 daga bakin teku. Amma masu tonon kufai sun kau da ƙasar da ta rufe shi, sun fito da duwatsunsa fili, duwatsun nan kuwa suna taimakonmu gane abin da Luka ya ba da labari da abin da Bulus ya rubuta. Abu ɗaya mu ke so mu riƙe cikin darasin nan: mutanen Filibi suna taƙama da zama 'yan wani birni mai nisa, watau Roma. Wanda ya gane wannan taƙama, zai gane wasiƙar.

Asalin garin

Wajen shekara ta 360 kafin haihuwar Kristi, waɗansu Helenawa daga tsibirin Tasos suka haye zuwa babban tudu, suka kafa gari a gindin wani dutse inda akwai idanun ruwa da yawa. Suka sa masa suna Kirinides, watau Maɓuɓɓugai. Ba su daɗe ba kabilun Tarakiya suka matsa musu, sai suka nemi taimakon Filibus na Biyu, sarkin Makidoniya, uban Iskandari Mai Girma. Filibus ya zo a shekara ta 356, ya karɓi garin, ya kewaye shi da ganuwa, ya sa masa sunan kansa.

Ba don tausayi kaɗai ya zo ba. Duwatsun yankin, musamman Dutsen Fangayon, suna da zinariya. Wani marubucin tarihi na dā, Diyodoras, ya ce ma'adinan nan suna kawo wa sarki fiye da talanti 1,000 kowace shekara. Da zinariyar nan ya biya mayaƙa, ya sayi zukatan manya cikin biranen Helenawa, ya shirya rundunar da ɗansa ya ci Farisa da ita.

A shekara ta 168 kafin haihuwar Kristi Romawa suka ci Makidoniya a yaƙin Fidina, suka raba ta kashi huɗu. Bayan wannan suka shimfiɗa babbar hanya mai suna Egnatiya, daga bakin Tekun Adriya a yamma, wadda daga baya ta kai har Bizantiyum a gabas, tafiyar fiye da kilomita 1,100. Hanyar nan ta ratsa tsakiyar Filibi. Mayaƙa da manzannin sarauta da fatake duka a kanta su ke bi, daga baya kuma masu shelar Bishara.

Yaƙin da ya mai da Filibi ta Romawa

A shekara ta 44 kafin haihuwar Kristi aka kashe Yuliyas Kaisar cikin majalisa a Roma. Shugabannin masu kisan, Burutus da Kasiyus, suka tafi gabas suka tara runduna. Markus Antoniyus da Oktabiyan, magajin Kaisar, suka bi su. Aka yi karo a filin da ke yamma da Filibi cikin watan Oktoba na shekara ta 42. Sau biyu aka gwabza, ran 3 ga wata da ran 23. Kasiyus ya mutu ta hannun baransa, bisa ga umurnin kansa, bayan karo na fari, Burutus kuma ya kashe kansa bayan na biyu. Daga filin nan ne mulkin majalisa na Roma ya kama hanyar ƙarewa, mulkin mutum ɗaya ya kama hanyar kafuwa.

Da yaƙi ya ƙare, sai aka sallami waɗansu tsofaffin mayaƙa, aka ba su gonaki kewaye da Filibi. Daga baya Oktabiyan da Antoniyus suka ɓata, Oktabiyan ya yi nasara a yaƙin Aktiyum a shekara ta 31, ya ƙara kawo mutane daga Italiya ya zaunar da su a garin. A shekara ta 27 aka ba shi sunan Augustas, shi ne Kaisar ɗin da ya ba da umurnin ƙidaya a lokacin haihuwar Ubangijinmu. Garin kuwa ya ɗauki sunan gidansa, ya zama Koloniya Yuliya Augusta ta Filibi.

Mece ce koloniya?

Luka ya kira Filibi koloniya cikin sura 16, aya 12. Kalmar Latin ce, harshen Romawa, kuma a nan kaɗai ta fito cikin dukan Sabon Alkawari. Mu masu aikin juya Littafi ba mu da kalma guda ta Hausa da za ta ɗauki dukan nauyinta. Mu tuna da zango a ƙasar baƙunci, inda mutane su ke riƙe da harshensu da suturarsu da shugabanninsu, ko da waɗansunsu ba su taɓa ganin garin kakanninsu ba. Koloniya ta yi kama da wannan, sai dai akwai bambanci babba. Mutumin zango baƙo ne a ƙasar wani, amma mutanen koloniya su ne masu gari, su ne masu gonaki, shari'a kuma a hannunsu ta ke.

Filibi ta sami wani gata wanda ba kowace koloniya ke da shi ba: ana lissafta ƙasarta kamar ƙasar Italiya ce. Saboda haka 'yan garin ba su biyan harajin kai ko na gona irin wanda talakawan lardi ke biya. Manyan mahukunta biyu ke mulkin garin, ana zaɓensu kowace shekara. Idan za su fita, dogarai su kan wuce gabansu ɗauke da damin sanduna, alamar ikon yin hukunci. Su ne mahukunta da dogarai da mu ke gani cikin labarin Luka. Kuɗin garin da Latin aka rubuta su, yawancin rubutun kan duwatsu na zamanin nan kuma haka, ko da ya ke ƙasar kewaye Helenanci ta ke ji.

Ba dukan mazaunan Filibi ne 'yan Roma ba. Akwai Helenawa, da Tarakiyawa 'yan asalin ƙasa, da baƙi 'yan ciniki, da bayi masu yawa. Waɗannan suna zaune cikin ganuwa ɗaya da 'yan Roma, amma ba su da murya a majalisa, jikinsu kuma ba shi da kariyar da doka ta ba ɗan Roma. Gama dokokin Roma sun hana a bulale ɗan Roma ba tare da shari'a ba, yana kuma da ikon ɗaukaka ƙara. Gicciye kuwa hukuncin bayi ne da 'yan tawaye. Kowa a Filibi ya san matsayinsa, ya kuma san na maƙwabcinsa.

Bulus a Filibi

Wajen shekara ta 49 ko 50 bayan haihuwar Kristi, a zamanin Kalaudiyas Kaisar, Bulus ya ga wahayi a Taruwasa, ya shiga jirgi tare da Sila da Timoti da marubucin labarin. Suka biya ta tsibirin Samutaraki, kashegari suka sauka a Niyabolis, tashar da a ke kira Kabala yanzu. Daga nan suka hau tudu a kan hanyar Egnatiya har Filibi. Waɗansu sassan daɓen hanyar nan suna nan har wa yau tsakanin Kabala da kufan.

A sauran birane Bulus ya kan fara da majami'ar Yahudawa. A nan kuwa ran Asabar sai ya fita ƙofar gari zuwa bakin rafi, inda mata suka taru domin addu'a. Masana da yawa suna ganin Yahudawan garin kaɗan ne a lokacin. Masu tono ba su sami majami'a ta zamanin Bulus ba. Rubutun kabarin da ya ambaci majami'a a Filibi na baya ne da shekaru ɗari biyu ko fiye. Yamma da ganuwa akwai rafi mai suna Zigakti, inda Kiristan Girka suka gina ɗakin baftisma da sunan Lidiya.

Mu duba mutane uku da Luka ya zaɓa ya ba mu labarinsu. Lidiya baƙuwa ce daga Tayatira ta ƙasar Asiya, garin da ya shahara da rini, tana cinikin tufafin shunayya, kayan masu sarauta da masu dukiya. Kuyangar nan mai duba ba ta da ko ikon kanta, dukiya ce ta iyayengijinta. Yari kuwa ma'aikacin hukuma ne, mai bin umurni. Cikin tsarin Filibi mutanen nan uku ba su da abin da zai haɗa su. Biyu daga cikinsu, Lidiya da yari, aka yi musu baftisma tare da mutanen gidajensu, dukansu kuma suka buɗe gidajensu ga manzanni.

Sa'ad da aka fid da aljanin daga kuyangar, abin da ya ɓata wa iyayengijinta rai shi ne hasarar kuɗi. Amma a gaban mahukunta ba su ambaci kuɗi ba. Ƙarar da suka kawo ita ce, mutanen nan Yahudawa ne, suna koyar da al'adun da ba su halatta ga Romawa ba. Sun san inda za su taɓa. Wajen lokacin nan ne Kalaudiyas ya kori Yahudawa daga Roma, ƙaramar Roma kuwa ba ta so a fi ta kishin uwarta. Ba a yi bincike ba, aka tuɓe Bulus da Sila, aka dūke su da sanduna, aka sa su a turu.

Da gari ya waye, bayan rawar ƙasa da tuban yari, mahukunta suka aiko a sake su. Bulus ya ƙi fita a ɓoye. Ya bayyana cewa shi da Sila 'yan Roma ne, an kuwa dūke su a fili ba shari'a, saboda haka sai mahukuntan da kansu su zo su fito da su. Tsoro ya kama mahukuntan, gama laifin da suka yi ya isa a tuɓe su.

Don me Bulus ya tsaya a kan wannan, tun da dūkan ya riga ya wuce? Mu lura, bai nemi a hukunta kowa ba, bai kuma ƙi barin garin ba. A ganinmu, ƙaramin garken da zai bari a baya ya ke tunawa. Da ya sulale da sassafe, da mutanen gari sun ɗauki taron gidan Lidiya taron mabiyan masu laifi ne. Amma da mahukunta suka zo da ƙafarsu suka ba da haƙuri, kowa ya ga ba a sami laifi ga masu shelar Bishara ba. Haƙƙin da doka ta ba shi, ya mora shi domin amfanin 'yan'uwa.

Abin da duwatsu ke nunawa

Wani Bafaranshe, Leyon Heze, ya auna kufan ya zana shi a 1861. Makarantar Faransa da ke Atina ta soma tono a 1914, ta ci gaba bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya har kusan ƙarshen shekarun 1930. Bayan Yaƙi na Biyu masanan Girka suka ɗauki aikin. A 2016 hukumar UNESCO ta sa Filibi cikin wuraren gādon duniya.

A tsakiyar kufan akwai dandali, tsawonsa kimanin mita 100, faɗinsa 50, daɓe da duwatsu, hanyar Egnatiya kuma ta bi ta gefensa na arewa. Har yanzu ana ganin sawun ƙafafun karusai a kan daɓen hanyar. Ginin dandalin da a ke gani yanzu na zamanin Markus Aureliyus ne, wanda ya yi sarauta daga 161 zuwa 180, watau fiye da shekara ɗari bayan Bulus. Amma a bisa tsohon dandali aka gina shi, saboda haka a filin nan ne aka ja manzanni gaban mahukunta.

Kewaye da dandalin an sami gindin gumaka da yawa masu rubutu. Babban mutum ya kan sa a sassaƙa sunansa, da sunan ubansa, da kabilarsa ta Roma, da dukan muƙaman da ya riƙe, ɗaya bisa ɗaya, domin mai wucewa ya karanta. An sami kuma abin tunawa da matan da suka yi hidimar firist ga Libiya, matar Augustas, wadda aka ɗaukaka cikin alloli a shekara ta 42 bayan haihuwar Kristi. Gidan Kaisar abin sujada ne a Filibi.

A jikin dutsen da ke bisa garin an sassaƙa siffofin alloli masu yawa, mafi yawansu na Diyana maharbiya, akwai kuma wurin tsafin Silbanus allahn kurmi, da ɗakin allolin Masar. A gindin dutsen akwai gidan wasa tun na zamanin Filibus, wanda Romawa suka gyara daga baya domin kokawar mutane da namomin jeji. Akwai kuma wani ɗaki na dutse da a ke nuna wa baƙi da sunan kurkukun Bulus. Masana sun gane asalinsa matarar ruwa ce ta Romawa, Kiristan baya ne suka mai da ita wurin tunawa da manzon. Ya kamata mu faɗi wannan a fili, gama bangaskiyarmu ba ta jingina ga ɗakin dutse ba.

Wasiƙar da aka karanta cikin garin nan

Bulus ya rubuta wa Filibiyawa yana ɗaure. Masana da yawa sun ce daga Roma ne, wajen shekara ta 60 zuwa 62. Bari mu sa kanmu a matsayin mai bi wanda ya ratsa dandalin nan da safe, da yamma kuma ya ji ana karanta wasiƙar.

A garin da kowa ke jera muƙamansa, Bulus ya buɗe wasiƙa bai ambaci manzancinsa ba, ya kira kansa da Timoti bayi. Cikin sura 3 ya jera nasa abin taƙama, haihuwa da kabila da himma, kamar yadda manyan gari ke yi a kan dutse, sa'an nan ya lissafta su duka hasara saboda Kristi. Cikin sura 2 ya nuna musu Ubangiji yana sauka mataki mataki, daga daidaita da Allah zuwa siffar bawa, daga nan zuwa gicciye, mutuwar da ɗan Roma ya ke ƙyamar ko ambatonta. Wannan ne kuwa Allah ya ɗaukaka bisa kowane suna, har da na Kaisar.

Cikin sura 3, aya 20, akwai kalmar Helenanci politeuma, watau hukumar garin da mutum ya ke ɗansa, inda aka rubuta sunansa. Bulus ya ce namu yana sama. Ɗan Filibi ba zai ji wannan kamar izinin naɗe hannu yana jiran tafiya ba. Ba a kafa koloniya domin mutanenta su koma Roma ba, an kafa ta domin su yi zaman Roma a inda su ke. Hakanan sura 1, aya 27, da kalma mai tushe ɗaya, ta kira masu bi su yi zaman 'yan gari wanda ya cancanci Bishara, a nan cikin Filibi. Cikin jama'ar nan bawa da baƙuwa da yari duka 'yan gari ne cikakku. Sun kuwa nuna haka da aiki: sun aika wa Bulus gudummawa a Tasalonika fiye da sau ɗaya, suka kuma aiki Abafaroditas ya yi masa hidima cikin sarƙa.

Ƙarshen garin

Ekklisiyar ta dawwama. A farkon ƙarni na biyu Ignatiyus na Antakiya ya ratsa Filibi a ɗaure, ana kai shi Roma a kashe, Folikaf na Simirna kuma ya rubuta wa masu bi na garin wasiƙa wadda ta wanzu har yau. A shekara ta 212 Karakalla Kaisar ya ba kusan dukan 'ya'yan da ke cikin mulkin matsayin ɗan Roma, sai abin taƙamar Filibi ya zama na kowa.

Gabas da dandali masu tono sun sami daɓe na ƙananan duwatsu masu launi, da rubutu mai cewa Bishop Forfiriyus ne ya yi shi cikin ɗakin sujada na Bulus. An san bishop ɗin nan ya halarci taron Sardika wajen 343, saboda haka ɗakin yana cikin mafi daɗewa a Girka waɗanda a ke iya sanin lokacinsu. Wajen shekara ta 400 aka gina majami'a mai kusurwa takwas a bisansa. Daga baya aka ƙara waɗansu manya. Wajen 550, a zamanin Yustiniyan, aka rushe kasuwar Romawa domin a gina wata mai ƙubba, amma ƙubbar ta rufta tun ba a gama ba. Ginshiƙanta ne mafi tsayi cikin kufan yau, saboda su ne Turkawa suka kira wurin Direkler, watau Ginshiƙai.

Wajen shekara ta 620 rawar ƙasa ta rushe yawancin garin, hare-haren Silabawa kuma suka rage jama'a. Ya zama ƙaramin sansani, bayan zuwan Turkawa Usmaniyawa a ƙarshen ƙarni na 14 kuwa aka watse aka bar shi.

Mu yi hankali da darasin da za mu ɗauka. Yana da sauƙi mu ce haikalin gumaka ya faɗi, mu yi murna. Amma majami'un ma sun faɗi, ɗaya daga cikinsu ba a ko gama ta ba. Jama'ar da Bulus ya kira farincikinsa da rawaninsa ba ta bar mana dutse ko ɗaya ba, gama a gidan Lidiya ta ke taruwa. Abin da ya kai gare mu daga wurinta shi ne labarin bangaskiyarta, da wasiƙa mai sura huɗu wadda mu ke karantawa yau da harshenmu. Mu ma muna da garuruwa da kabilu da sarautu da mu ke taƙama da su, muna kuma da haƙƙi a ƙarƙashin dokar ƙasa. Ba a ce mu yar da su ba. An ce mu mora su yadda Bulus ya mori nasa, mu kuma tuna inda aka rubuta sunanmu.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Waɗanne gata ne ɗan Roma ya ke da su a Filibi, su wane ne kuma ba su da su?
2. Don me iyayengijin kuyangar suka ɓoye maganar kuɗi a gaban mahukunta? Muna ganin irin wannan a zamaninmu?
3. Yaushe ya kamata mai bi ya tsaya a kan haƙƙinsa a gaban hukuma, domin amfanin wa kuma?
4. Da Lidiya, da yari, da bawa za su shigo taronmu ran Lahadi, ina za mu zaunar da kowannensu?
5. Wane abin taƙama ne ya ke raba 'yan'uwa a ekklisiyarmu, yaya kuma Filibiyawa sura 2 za ta yi mana magani?

A rufe da addu'a domin masu mulkin ƙasarmu, da waɗanda ke ɗaure ba bisa shari'a ba, da haɗin kan ekklisiya.